Azarar Tsakiya

Ran sha ɗaya ga watan Yuni, da ƙarfe uku da kwata na yamma, Nobue ta tsallaka gadar Kuromuta da tifa karo na ashirin da bakwai, ta tsaya a hayin ƙauye, ta ja birkin hannu, ta kashe inji, ta mutu. Mijinta, Soejima Kiyoharu, yana ƙarƙashin gadar a lokacin, cikin baƙin tamfol, yana danna oba-oba yana cewa, "Sake." Sau huɗu ya faɗa. A na biyar ya ƙara da, "Wai ke kurma ce?"

Likita ya ce zuciya ce, kuma da wuya ta ji wannan maganar. Likitoci suna da kirki ta wannan fannin, ba sa rowar abin da ba mai iya ƙaryatawa.

Aikin nasu na mutum biyu ne. Kiyoharu ya shekara talatin yana bin gadojin lardin da 'yar guduma, yana ƙwanƙwasa kankare yana kasa kunne kamar mai zaɓen kankana, kafin wata sabuwar hoda ta zo. Ƙasarsu ƙasar farantai ce, hodar ma a tanda ake gasa ta. Sai a dama ta da danƙo ta zama fenti, a shafa a jikin gada, a haska mata shuɗiyar fitila na minti ɗaya har ta ƙoshi, a kashe, a jira ta dushe. Daga nan duk inda kankare ya ji nauyi sai fentin ya kama kore. Tsagar da ba ta kai silin gashi ba ma sai ta zana kanta a duhu. Amma fentin yana da hali guda: ba ya magana sai nauyi ya canja. A ɗora masa dutse shekara ɗari, uffan ba zai ce ba. Saboda haka dole wani ya yi ta kai da komo da mota mai lodi a sama, wani kuma ya zauna a ƙasa cikin duhu yana kallo.

Nobue 'yar masu fasa farin dutsen faranti ce, tun tana shekara ashirin take jan tifa. Ita a sama, shi a ƙasa, kalma biyu ke tsakaninsu. In ya ce "Sake," ta juyo. In ya ce "Ya isa," ta sauko su sha shayi. Akwai auren da aka shekara arba'in a cikinsa da abin da bai kai haka ba.

Azara uku ke riƙe da gadar Kuromuta, na kankare, kwance kusa da juna daga wannan gaɓa zuwa waccan. A waccan shekarar fentin azara ɗaya ofishin hanyoyi ya ba shi. Ya shafa wa ta tsakiya, don littattafai sun ce ita ta fi shan wuya, Kiyoharu kuwa ya fi yarda da littafi a kan mutane. Tifa ta wuce, azara ba ta yi haske ba. Ta sake wucewa, shiru. Ya sake ciyar da fentin da hasken fitila, ya goge idon kyamara, ya zagi zafi, ya zagi damshin damina, ya ce sake. Mako guda bayan an ƙona gawarta ya zauna ya cika takardar ofis. Bai ga tsaga ba, wannan gaskiya ne. Ya ce wa kansa mutanen zamanin da can sun iya gini, azarar ce ta fi ƙarfin tifa. Ya rubuta mataki na biyu: gada lafiya, a ci gaba da sa ido.

Shekara biyar ke nan.

Maƙwabta sun kawo masa abinci kwana arba'in da tara, yadda aka saba, ran na hamsin suka tuna suna da nasu gidajen. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin littattafai. Ya karanta duk abin da masu hikima suka rubuta a kan rashi, ya lura yawancinsu sun yi rubutun ne matansu na madafa suna dafa musu abinci. Kowace safiya yakan ajiye 'yar shinkafa a gaban hotonta, ya kunna turare, ya buɗe baki, ya rufe. Tifar tana nan a harabar gida. Duk Lahadi yakan tayar da ita ya bar inji ya yi kuka na minti goma, ita ce babbar hirar da ake yi a gidan.

Ran sha ɗaya ga kowane wata kuwa, ranar da ta dace da rasuwarta, yakan tsallaka gadar ya je wurin yayanta, Tatsuji. Da can Kuromuta gida arba'in ne. Yanzu Tatsuji ne kaɗai, shekara tamanin da ɗaya, sai gonar albasa, sai kwanon wani kare da ya mutu tuntuni ba a ɗauke ba. Ba su taɓa shiri da Kiyoharu ba, kuma ba su ga dalilin farawa a tsufa ba.

"Ga sarkin ƙarƙashin gada nan," in ji Tatsuji daga cikin gida. "Cire takalmi, nan ba ofis ba ne."

"Yaya, ashe kana nan? Har na sayo furen makoki, ka sa na yi asara."

"Ni zan tsince ƙasusuwanka da tsinke in an ƙona gawarka, rubuta ka ajiye. Zauna, taliya na hucewa."

"Ai ta sanyi ce."

"To tana ɗumamewa. Kai dai ba a faɗin magana ka bar ta ta wuce."

Haka za su ci, Tatsuji ya ba da labarin da ya bayar watan jiya: yadda Nobue tana shekara tara ta saki birkin amalanken ubansu ta tafi da shi cikin kogi, ta fito tana tambaya ko za a bar ta ta sake. Kullum kuma da magana ɗaya yake rufewa. "Ko ba komai, aikinta na ƙarshe shi ya riƙe min gada. Ba don ita ba da tuni ina Osaka wurin 'yata, a hawa na tara, ina kallon bango." Kiyoharu sai ya gyaɗa kai ya kalli kwanonsa. A duk duniya tsohon nan ne kaɗai ya rage da ke kiran sunan Nobue ba tare da ya rage murya ba.

Doka ta ce a duba kowace gada duk shekara biyar. Da lokaci ya yi, Malama Eguchi ta ofishin hanyoyi ta bugo masa waya.

"Na san ka ajiye aikin fenti, Malam Soejima, amma babu wanda ya san gadar nan kamarka. Bana hoda ta wadata, za mu ba ka ta azara uku."

"Madalla."

"Ka dai san ƙa'ida. Gadar da ba ta kai ga gida biyar ba, ba ma gyara ta. In ta faɗa mataki na huɗu, rufewa ne."

"Na sani."

"Faɗa kawai na yi."

"Kin faɗa."

Saura direba. Da ya kai wa Tatsuji maganar, tsohon ya ajiye tsinken cin taliyarsa. "Direban me za ka nema? Lasisina bai mutu ba, ni ma haka. Wa ya koya mata tuƙi in ba ni ba?"

"Wanda ya koya mata shiga kogi."

"Kawo motar, kai dai."

Ran Litinin Kiyoharu ya kafa katako a ƙarƙashin gadar, ya shafe azara uku, ya zagaye wurin da tamfol har ba ƙofar da rana za ta leƙo. Ran Talata da safe ya sa aka loda wa tifar dutse, ya lallaɓo da ita bakin gada kamar mai jan saniyar aro. Tatsuji ya tako da ƙafa daga hayi, sanye da hular aiki da ta girmi ofishin hanyoyi, ya hau, ya shafa sitiyari. Kiyoharu ya miƙa masa oba-oba ɗaya ya gangara.

A cikin tamfol zafi ne da warin danshi da ƙarar ruwa. Ya haska fitila, ya kashe, ya zauna yana jira koren ya dushe. Shekara biyar rabonsa da irin wannan duhun, amma gwiwoyinsa sun gane katakon.

"Kiyo, kana ji na? Wannan abin ta ina ake magana da shi?"

"Maɓallin gefe, Yaya. Kana kan dannawa ma."

"To na danna. Kana da rai?"

"Taho a hankali. Kada ka taka birki a tsakiya."

"Ji yaro zai koya wa kaza tono."

Injin ya yi gurnani, gadar ta amsa. Da ƙafafun gaba suka hau, azarar dama da ta hagu suka kama wuta lokaci guda. Ba kore-koren da ya saba gani a lafiyayyen kankare ba, wanda ke zuwa ya wuce kamar numfashi a kan gilashi. Wannan haske ne har yana ganin tafin hannunsa. Tsage-tsage suka fito kamar jijiyoyin ganye, suna bin motar daga gaɓa zuwa gaɓa, kan kowace tsaga yana ƙyalli kamar ƙwarin nan masu wuta a gindi. A tsakaninsu azarar tsakiya tana kwance baƙa ƙirin.

Ya lalubi alli ya sa alama a kan babbar tsaga. Bakinsa ya ce, "Sake," tun kafin ya yi shawara da shi.

Motar ta dawo. Biyu suka haska, ɗaya ta yi shiru. Fenti ɗaya ne, daga gwangwani ɗaya, hannu ɗaya ya shafa. Ba damshi ba ne, ba kyamara ba ce. Ya ciyar da fentin, ya ja jiki a kan katako har ƙarshen azarar tsakiya, inda take zaune a kan gaɓa, ya ɗora tafinsa a jikinta.

"Sake," ya ce.

A karo na uku duk gadar tana rawa, katakon da ke ƙarƙashinsa yana rawa, haƙoransa ma. Azarar da ke tafinsa ko gezau. Ya kai hannu sama inda ya kamata ta manne da shimfiɗar gadar da mota ke bi, sai yatsunsa huɗu suka shige. Mazauninta ya rududduge, ta sauka, tana rataye kawai a jikin 'yan'uwanta, babu abin da ke taɓa ta daga sama. A cikin ratar ya ji gidajen zanzaro, tsoho a kan tsoho, busassu, waɗanda ba a shekara biyar aka gina su ba, ba a goma ba. Ya waiga. Kan babbar tsagar ya wuce alamar allinsa da tsawon yatsa, tifar kuma tana bisa kansa.

Bai numfasa ba sai da ya ji ƙafafun baya sun sauka a ƙasar hayi.

"Ya isa! Yaya, ya isa. Tsaya nan, kada ka juyo."

Oba-oba ta yi ta huci. Can Tatsuji ya ce, "Sau uku?"

"Kashe inji."

"Sau uku kawai? Ita ashirin da bakwai ka sa ta yi."

Da ya hauro ya tarar da tsohon zaune a matakin tifa, daidai inda motar ta tsaya shekara biyar da suka wuce, don babu wani fili a hayin sai nan. Kiyoharu ya kare hasken rana da hularsa ya nuna masa abin da kyamara ta ɗauka. Tatsuji ya matso da fuska har hancinsa na taɓa gilashi.

"Kai, abin da kyau. Kamar wasan wuta na bikin bazara. Ga ta tsakiya nan kuwa garau, ko ɗigo babu."

"Ta tsakiya ta mutu, Yaya. Ta daɗe da sakin kaya. Waɗannan biyun ke ɗauke da rabonta, su ma sun kusa."

"Ba kai ka ce in babu haske lafiya ke nan ba?"

"Ni na ce."

"Tun yaushe ta mutu?"

"Tun kafin wancan zuwan."

Tatsuji ya ɗago. Idanunsa ƙanana ne, farare-farare a gefe, amma ba abin da ke wuce su. "Wato ranar nan, da take ta kai da komo..."

"Da ta yi sau dubu ma babu abin da zai haska."

Ruwa na ta gudu a ƙasa. Tsohon ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya kama hannun rigar Kiyoharu, abin da bai taɓa yi ba, ya ja shi zuwa ginshiƙin bakin gada inda aka manna allon tagulla mai sunanta.

"Karanta."

"Na iya karatu, Yaya."

"Ai shi ne ciwonka. Ina ɗigo biyun?"

Babu su, kuma babu wanda ya taɓa tsammanin ganinsu. A rubutun ƙasarsu, ɗigo biyu ake sa wa harafi a sama don sautinsa ya yi kauri. A baki, da harafi mai kauri ake faɗin sunan gada. A allo kuwa ba a sa wa harafin ɗigo biyun da ke kaurara shi, don sunan ɗigon "gurɓata," kuma mai hankali ba ya rataya wannan kalmar a kan kogi.

"Kakanninmu ba jahilai ba ne," in ji Tatsuji. "Sun san daidai, suka rubuta ba daidai ba, don ruwa ya zauna garau. Shekara nawa suka rage min? Biyu? Uku in na yi taurin kai. Cire ɗigo biyu, Kiyo. Huɗu ya koma biyu. Wa zai gangara ƙarƙashin nan ya duba, Eguchi da takalminta mai tsini?"

"Da idona na ga kogin nan ya gurɓace sau uku, da allon da komai."

"Ya kuma washe."

"Tifar nan dai ba za ta koma ta kan gadar ba."

"To bar ta. Na shuka albasa a bayanta."

Kiyoharu ya koma gida a motar haya. Ran Laraba ya wuni a gaban takarda. Hujjoji ba su yi masa wuyar samu ba, amfanin karatu ke nan. Wa ke hawa gadar? 'Yar motar tsohon, wadda ba ta fi keken ɗinki nauyi ba. Ma'aikaciyar jinya duk mako biyu. Motar kanti ran Alhamis. Gadar da ta yi shekara goma a haka me zai hana ta ƙara uku? Ya jera su tsaf, ya dube su, ya san ba tausayin Tatsuji ne ya jera su ba. Ran sha ɗaya ga wata yake tunani, ya tashi da safe ba inda za shi.

Wajen la'asar wani abu ya faɗo masa wanda bai gayyata ba. Nobue ta yi shekaru tana cewa kafaɗarta ta hagu na mata nauyi, in ta hau tudu numfashinta na yankewa. Yakan ce shekaru ne, ba ya ɗaga kai daga littafi. Shekara biyu kafin rasuwarta ta daina faɗa. Har ya tuna ranar da Tatsuji ya tambaye shi jikinta, ya amsa da cewa ta warke, ai ba ta ƙara magana ba.

Ya ɗauki alƙalami ya ja sanda biyu a gurbin mataki, wato gada lafiya, ya ninke takardar ya sa a ambulan. Mutum na iya gane abu sarai da la'asar ya kuma aikata kishiyarsa kafin magariba. Littattafai ba su cika son wannan zancen ba.

Ran Alhamis ya je kwance tamfol, ambulan na aljihunsa, da niyyar ya biya ofis a hanyar dawowa. Yana naɗe igiya a bakin gada sai ya ji waƙar motar kanti tana gangarowa daga tudu, 'yar waƙar nan da ke kiran tsofaffi su fito da kwanduna. Mota ce mai firiji, da buhunan shinkafa, da tulunan gas biyu ɗaure a baya. Ya dube ta, ya dubi gadar. Bai tuna ya yanke wata shawara ba. Ya dai tsinci kansa a tsakiyar hanya, hannuwa a buɗe, igiya na reto a wuyansa.

Motar ta ci birki. Hisano, matar da ke jan ta, ta leƙo da kai ta taga.

"Kai Baba, in mutuwa kake so ga layin dogo can! Ni awara na ɗauko!"

"Ba za ki hau ba."

"Shekara shida nake hawa."

"Na sani. Ki gode wa duk wanda kika saba gode wa."

"To shi tsohon can fa? Iska zai ci?"

A hayi Tatsuji na tsaye kusa da tifa, kwando a hannu, yana kallonsu. Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba. Kiyoharu ya karɓi awara da busasshen kifi da kwalbar miya, ya tsallaka da ƙafa, yana bin gefe. Da ya iso ya miƙa ledar.

"Ajiye a ƙasa," in ji Tatsuji.

Ya ajiye.

"Ka sa ɗigon ke nan."

"Yanzu zan je in sa."

A ofis ya nemi sabuwar takarda, ya cika ta a tsaye, ya rubuta mataki na huɗu. Ya ƙara shafi guda da hannunsa, cewa rahoton shekara biyar da suka wuce kuskure ne, kuma kuskuren nasa ne: ya ga duhu ya kira shi lafiya. Malama Eguchi ta karanta har ƙarshe, ta gyara tabarau.

"Wannan shafin ba dole ba ne, Malam Soejima."

"Na sani."

Kafin yamma an gitta ƙarafa masu ja da fari a bakin gadar. An bar ɗan wurin da mai ƙafa zai raɓa, zuwa ƙarshen Agusta.

Ran sha ɗaya ga Yuli Kiyoharu ya je, ya tarar da ƙofa a rufe, hayaƙi na fita ta madafa. Ya tsaya a waje iya lokacin da mutum ke ɗauka ya ci kwanon taliya, ya koma. Ran sha ɗaya ga Agusta haka. Tatsuji ya zauna har aka yi bikin dawowar matattu, ya kunna musu wuta a ƙofar gida, ya raka su, shi kaɗai a madadin gida arba'in. Bayan kwana uku 'yarsa ta zo daga Osaka ta ajiye mota a wannan gaɓar, don ba ta da yadda za ta kai ta waccan.

Ba wanda ya gaya wa Kiyoharu ranar. Hisano ce ta faɗa masa, tana ba shi canjin madara. Ya je ya tsaya a bakin ƙarafan. 'Yar ta yi ta jigilar akwatuna, ta gaishe shi a gajarce. Daga ƙarshe tsohon ya fito, rungume da allunan sunayen iyayensa marigaya a ƙunshe cikin ƙyalle, yana takawa a tsakiyar gadar, daidai kan azarar da ta mutu, da gangan. Da ya raɓo ta tsakanin ƙarafan ya tsaya ya dubi Kiyoharu sama da ƙasa.

"Ka rame. Wa ke ba ka abinci?"

"Kawo in riƙe maka, Yaya."

"Ka riƙe abin da aka ba ka tukuna." Ya zaro makullin tifa daga aljihu ya sa masa a hannu. "Abin maganar nan naka yana kan kujera. Ban shuka albasar ba, ƙasar ba ta da kyau, duk dutse." Ya ɗan gyara ƙunshin a ƙirjinsa. "Ran sha ɗaya kada ka zo Osaka. Ko wurin cire takalmi babu."

"To."

Tatsuji ya yi taku biyu ya tsaya. Bai juyo gaba ɗaya ba.

"Tunda zamanin sa ɗigo ne, bari in sa nawa. Ranar nan ina gona ina ƙirga mata. Wajen na ashirin da ɗaya ta tsaya a hayi, na kai mata shayi. Fuskarta fari fat, gumi har wuya, hannu ɗaya take riƙe sitiyari da shi. Na ce, ke Nobue, sauko ki huta, gada ba gudu za ta yi ba. Ka san abin da ta ce?"

Kiyoharu ya dubi makullin da ke hannunsa.

"Ta ce, 'Bai ce ya isa ba.' Ta miƙo min kofin, ta juya mota."

'Yar ta buɗe masa ƙofa, ya shiga da ƙyar, ya zauna da iyayensa a cinya. Motar ta hau tudu. Bai waigo ba, amma wuyan mai shekara tamanin da ɗaya ba ya waigowa da sauƙi, don haka ba a san abin da wannan ke nufi ba.

A ƙarshen wata aka zo aka toshe ɗan wurin masu ƙafa da waya.

Ran sha ɗaya ga Satumba Kiyoharu ya tashi, ya ajiye shinkafa, ya kunna turare, ya sa takalmi. Sai da ya kai bakin kogi ya tuna ba a jiransa. Ciyawa ta fara hawa ƙafafun tifar a hayi, lodin dutsenta na nan yadda aka zuba, gilashinta ya yi ƙura. A ƙarƙashin gadar fentin na nan a jikin azara uku, ba mai ciyar da shi, ba mai hawa, ba abin da zai ƙara faɗa.

Ɗayar oba-obar tana aljihun rigarsa. Bai san lokacin da ya ɗauko ta ba. Waccan da ke kan kujera batirinta ya mutu tun tuni, wannan ko yaro ya sani. Ya fito da ita, ya sa babban yatsa a maɓallin gefe, ya tsaya har inuwar ƙarafan ta matsa daga ƙafarsa. Bai danna ba. Maganar gajera ce, ya faɗe ta sau dubbai a ƙarƙashin gadoji ɗari, sai rana ɗaya tak da ya riƙe ta yana jiran haske: Ya isa, Nobue. Sauko mu sha shayi.